Koren Zare a Hular Habibu

Littafin ba shi da bango. A ƙasan buhun zaren da Mustafa ya saro daga Kano aka tsince shi, bangon ya yage, shafin farko ma babu, shi ya sa har yau ban san sunansa ba, ban kuma san wanda ya rubuta shi ba. Mu dai littafin Fiddausi muke ce masa.

Mustafa mutumin Damagaram ne, yana da butiki a bakin kasuwar Gure, zare da allura da yadi yake sayarwa. Ni kuwa ɗinkin hula nake yi, ka ga dole mu saba. Matarsa Husseina ba ta cika shekara biyu da zuwa garin ba a lokacin. Yarinya ce mai fara'a, ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta kuma zauna gidan ƙanwar uwarta a Kano har ta iya karanta Hausar boko ba gargada, abin da ko malaman lakwal ɗinmu ba duka suka iya ba. Sunana Yakura, amma Yaya take ce mini. Da ta haihu babu danginta a kusa, ni na yi mata wankan jego har arba'in. Na ɗauke ta ƙanwa da gaske, ba ta fatar baki ba, kuma wannan ne ya sa abin ya yi mini ciwo yadda ya yi.

Bayan la'asar muke taruwa a tsakar gidanta, ƙarƙashin dalbejiya. Kowa da aikin hannunta, wata tsintar wake, wata kitso, ni da hulata da allura. Husseina sai ta kife turmi ta zauna a kai ta karanta mana. Labarin ba wani abu ba ne in ka duba: Fiddausi tana son Habibu, Habibu ba shi da ko dala, kawun Fiddausi yana ta hura hanci. Amma mu da ba mu taɓa jin an zuba irin maganar mutane a takarda ba, sai muka kama shi hannu bibbiyu. Ya Kaka, tsohuwar unguwarmu, wadda Hausarta ma rabi yarenmu ne na Mangawa, har zagin kawun take yi tana nuna littafin da yatsa.

Kwana tara muka yi muna ji. A shafin ƙarshe Habibu ya hau mota zai tafi nema, ya ce wa Fiddausi ta jira shi, zai dawo. Motar ta tashi. Husseina ta juya takardar, ta sake juyawa, ta ɗago ta dube mu.

"Shi ke nan," in ji ta. "Wai sauran yana kashi na biyu."

"To ɗauko na biyun mana," in ji Ya Kaka.

Babu na biyu. Sau biyu Mustafa yana zuwa Kano yana tambaya. Masu sayar da littattafai suka yi masa dariya, suka ce littafin da ba suna ba bango, sai dai akwai Fiddausi a ciki, ai suna da irinsa sun fi talatin, ya zaɓa. Ya zaɓo ɗaya don kada ya dawo hannu rabbana. Wata Fiddausi ce daban, mai tuƙa mota da tsiwa. Shafi biyar muka ji muka ce a ajiye, ba ita muka aika a nemo ba.

Sauran mata suka yi kwana biyu suna mita, suka manta. Ni ban manta ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne a Gure. Maigidana ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Libiya a shekarar casa'in da biyu. Ya bar lambun dabinonsa na kwari a hannun ƙanensa, ya ce mini shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu. A shekarar farko ya aiko da kaset daga Sabha, ya gai da kowa har da akuyata, na yi ta sauraro har zaren kaset ɗin ya tsinke na ɗaure shi. Daga nan shiru. Lokacin da littafin nan ya zo, shekara ta huɗu ke nan. Dangina sun yi maganar a je wurin alƙali a raba auren, na ce babu inda za ni. Mutumin da ya ce in jira shi bai aiko ya ce in daina ba.

Ba zan faɗi sunansa ba tukuna. A gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta, kuma shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa bari ya fito daga bakina ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa.

Wata rana da hantsi na je gidan Husseina karɓar baƙin zare. Muka zauna, ina ɗinki tana yanka albasa. Ban san lokacin da na ce, "Ni fa na san inda Habibu yake" ba.

Ta yi dariya. "Ina yake, Yaya?"

"Motarsu ce ta lalace a tsakiyar rairayi. Kwana shida suna jiran wata ta zo. Shi aka ba rabon ruwa, don shi kaɗai ne aka tabbata ba zai cuci kowa ba."

"Sai kuma me?"

Na gaya mata sai kuma me. Ta ajiye wuƙa, ta shiga ɗaki, ta fito da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, mai lissafi a bangon baya, da shuɗin bik na rubutu. Ta ce in sake daga farko, a hankali.

Haka muka fara rubuta wa kanmu kashi na biyu. Ni ban iya rubutu ba, aji biyu na yi aka cire ni, ƙidaya kawai na fito da ita. Ni ke faɗi, ita ke rubutawa, tana gyara mini Hausa ta koma irin ta Kano don ta yi daidai da ta littafin. In na yi wata kalma ta garinmu sai ta kwashe da dariya ta ce Habibu Bakano ne, ba ɗan kwari ba, ni kuma in ce ai tafiya ta canza masa baki. Wani lokaci mu yi gardama a kan kalma ɗaya har azahar. Muka yi alkawari ba za a sa sunan kowa a kai ba, kuma ba wadda za ta ƙara ko layi ɗaya a bayan idon 'yar'uwarta. Ita ce ma ta kawo maganar alkawarin, ba ni ba.

Habibun littafi ba shi da wata kama, an dai ce dogo ne mai haƙuri. To ni na cika shi. Na ba shi tabo a gira ta hagu, inda ƙayar dabino ta taɓa shi. Na sa ba ya yar da ƙwallon dabino, sai ya zuba a aljihu, duk inda ya zauna ya tona ƙasa da yatsa ya binne ɗaya. Na sa ba ya cin miyar kuɓewa, kuma sai ya gyara murya sau biyu kafin ya yi magana mai nauyi. Husseina ba ta taɓa ganin maigidana ba, ya tafi kafin a kawo ta, amma ba wawuya ba ce. Ta dai rubuta yadda na faɗa. Abin da ya fi mini daɗi kuwa shi ne sunan. Habibu ya tashi, Habibu ya ce, Habibu ya tuna gida. Sau ɗari in na ga dama sai in kira shi da rana tsaka, babu mai ɗaga mini gira.

Ranar da aka karanta wa mata babin farko, Ya Kaka ta ce ai dama ta san yaron nan ba zai ci amana ba. Kafin wata guda gidan ya yi mana kaɗan. Waɗanda ba sa samun fitowa suka aiko a ba su aro, sai Husseina ta kafa doka: kaye yana kwana biyu a kowane gida, ya dawo ranar Alhamis a karanta sabon babi a taro. Ta kuma bar shafi goma na ƙarshe babu rubutu, duk wadda ta karanta ko aka karanta mata ta sa abin da ke ranta. Shafukan nan sai wanda ya gani. Wata da Faransanci, wata da ajami, wata da bokon da ya karkace kamar sawun kaza. Wadda ba ta iya komai ba sai ta dangwala yatsa da lalle, alamar ta ji kuma ya yi mata.

Husseina ke karanta mini su, tunda ni sai kallo. A nan muka gane abin da mutanenmu ke so. Suna so Habibu ya bi ta wuraren da mazansu da ƙannensu suka bi, ya sha ruwan rijiya mai kanwa ya yi ta ɓacin ciki. Suna so Fiddausi ta tashi ta yi daka ta yi surfe, ba ta zauna kan kujera tana kuka da hankici ba. Wata ta rubuta cewa a sa kawun ya faɗa rijiya, ba sai ya mutu ba, ya dai jiƙe. Muka sa ya zame a bakin masallaci, kowa ya gamsu.

Abin da ba sa yafewa ɗaya ne, a canza wa mutum hali. Akwai lokacin da Husseina ta matsa sai Fiddausi ta mayar wa kawunta magana har ta buga ƙofa. Na ce ba za ta yi ba, ta ce zai yi daɗi, na ƙyale ta. Kayen ya dawo da faɗa kaca-kaca. Zuhura, ungozomar gidan likita, wadda rubutunta ya fi na kowa tsawo kuma kullum da jan bik, ta rubuta cewa wannan ba Fiddausinmu ba ce, in an gaji da ita a faɗa, kada a kawo mana wata a liƙa mata sunanta. Yatsan lalle ko ɗaya ba mu samu ba a makon. Da reza muka yanke shafin.

"Na ji, Yaya," in ji Husseina tana tattara guntayen. "Mutum yadda aka san shi, haka za a bar shi."

Kaye na ɗaya ya cika, na biyu ya cika, muka shiga na uku. Habibu ya yi aikin gini, ya yi jinya, an kama shi ba takarda, an sake shi, an sace masa jaka, ya sake farawa. Kullum yana hanyar gida, kullum da abin da zai tare shi. Ni ban ga laifin haka ba, ai haka tafiya take. Amma sai tabarmi suka fara fin mutane yawa ranar Alhamis. Zuhura ta faɗa a gabana, tana ɓare gyaɗa, cewa mutumin nan ko a kan jaki yake da tuni ya iso, kuma mai sauraro ba ya son a yi ta ja masa rai ba a ba shi komai ba. Na ce wadda ta gaji ta tafi, Fiddausi ba ta gaji ba. Na san na yi zafi, amma ban janye ba.

A cikin wannan lokaci ne Mustafa ya kai kaya arewa, ya yi kusan wata guda, ya dawo bayan ƙaramar salla. Ban haɗa wannan da komai ba. Na dai lura Husseina ta rage dariya, ta daina tsokanata da Hausar kwari. In ta zo shafukan baya kuma sai ta riƙa tsallake wasu, ta ce rubutun ba ya karantuwa. Jan bik ɗin Zuhura kuwa ko ni da ban iya ba ina ganin tsabtarsa.

Wata rana muna tsaka da aiki ta ajiye bik.

"Yaya, da a ce Habibu ba zai dawo ba fa?"

"Mutuwa zai yi?"

"A'a. Da a ce zama ya yi a can."

"To ba Habibu ba ne ke nan," na ce. "Ke kika faɗa da bakinki, mutum yadda aka san shi. Ɗauki bik. Ya sami kamyon da zai sauko kudu."

Ta ɗauka ta rubuta. Wata biyar muka yi a haka.

Sai aka yi mana rasuwa a Kelle, yayar mahaifiyata, dole na tafi zaman makoki. Kafin in tafi na ba Husseina babin da zai buɗe kaye na huɗu, kuma na yanke shawara zan ba matan nan abin da suke kuka a kai. Habibu ya iso bakin gari da yamma, ya tsaya a rijiya ya wanke fuska, ya karkaɗe riga, ya tsaya a ƙofar gidan su Fiddausi ya gyara murya sau biyu. A nan na tsaya. Na ce ta ajiye shi kada kowa ya gani sai na dawo, ina so in ga fuskar Zuhura. Ta ce to.

Kwana goma na yi. Na dawo ranar Alhamis da azahar, ko hutawa ban yi ba na ɗauki hula da allura na nufi gidan.

Gidan ya cika har bakin zaure. Matan da rabona da ganinsu tun kaye na biyu duk suna nan. Na ji daɗi, ni sarkin wauta, na ɗauka labarin dawowar Habibu ne ya ɗan fita. Aka yi mini gaisuwar rashi, aka matsa mini wuri kusa da Ya Kaka. Husseina ta gaishe ni idonta na ƙasa. Na ga bangon kayen da ke cinyarta ya yi laushi, gefensa ya yi baƙi da hannu, kayen da na bari sabo fil. Na gani, amma ban tsaya na yi tunani ba.

"Ko a bari sai wani mako?" in ji Husseina. "Yaya ta gaji."

"A karanta," in ji Zuhura. "An riga an gama magana."

Ta fara. Layi uku na ji na san ba nawa ba ne. Babu rijiya, babu ƙofar gida. Wani ɗan kasuwa ne daga garin su Fiddausi ya sauka a tashar wani gari na arewa, ya nemi shayi. Mai shayin ya ba shi baya yana fifita gawayi. Da ya juyo, ga tabo a gira ta hagu. Suka gaisa. Habibu ya gyara murya sau biyu, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da liman, bai tambayi Fiddausi ba. Can sai ga wata mata ta kawo masa abinci a kwano, da goyo a bayanta, da wata 'yar yarinya riƙe da zaninta. Yarinyar ta haye cinyarsa, ta sa hannu a aljihunsa, ta ciro ƙwallon dabino.

Allura ta tsaya a hannuna. Fushi na fara ji, fushin mai abu. Ta karya alkawarin da ita ta kawo, ta jefar da babina, ta ɗauki tabon da na ba ta amana da ƙwallon dabinon da na ba ta amana ta yi wa matan Gure abin marmari da su, don dai tabarminta su sake cika. Na buɗe baki zan ce a kawo reza, wannan ba Habibunmu ba ne. Har na duba wajen Zuhura, ina jiran mai jan bik ta riga ni, ita da ta tayar da gari a kan bugun ƙofa. Zuhura tana kallon yatsun ƙafarta.

Husseina ta ci gaba.

"Ɗan kasuwar ya dubi hular da ke kan Habibu. Ta tsufa, ta koɗe, amma ɗinkin hannu ne mai kyau, baƙin zare a kan fari. Sai dai a ƙeya, layin ƙarshe, da koren zare aka rufe shi."

Ban taɓa ba Habibu hula ba. A kaye uku babu inda na sa masa hula.

Hular nan da safen ranar tafiyar maigidana na gama ta. Saura layi ɗaya baƙin zare ya ƙare mini, ana ta aikowa daga tasha cewa kamyo ya cika. Na ɗauko ragowar kore na rufe, ina hawaye don kunya, mai sana'a guda ta sallami mijinta da hula mai faci. Ya yi dariya ya ce a ƙeya ne, ba mai gani, ya sa ta ya fita. Husseina tana Damagaram a lokacin, ko baiko ba a yi mata ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kuma mutum ɗaya ne na sani da zai zauna shan shayi idonsa ya tafi kan layin zare ɗaya a ƙeyar wani, har ya riƙe shi ya kawo gida. Mai sayar da zare.

Na dubi matan. Babu wadda ta yi salati, babu wadda ta zagi Habibu, ko Ya Kaka da ke zagin kawu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hannunta kawai na ji a kan gwiwata, kuma na gane tun kafin a zo kan hular ta ɗora shi.

"Tsaya," na ce.

Husseina ta tsaya.

"Tun yaushe?"

"Yaya, don Allah mu shiga ɗaki."

"Yanzu kika tuna da ɗaki. Tun yaushe kika sani?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Wata biyar," na ce. "Wata biyar ina zaune a gabanki ina sa shi a mota, ke kina rubutawa."

Ta fara kuka. "Na rasa bakin da zan faɗa miki da shi. Sau nawa ina farawa. Maigidan ya ce ba ruwanmu, ba a shiga tsakanin miji da mata. Abin ya hana ni sukuni, shi ne na gaya wa Madam Zuhura don ta ba ni shawara."

"Ni na ce a sa shi a labari, Yakura," in ji Zuhura. Ta ɗago a ƙarshe, kuma muryar da take yi wa masu naƙuda ta yi mini. "Kin fi jin maganar kayen nan a kan ta mutane. Danginki sun yi, kin ƙi. Muka ga kamar zai fi sauƙi ki ji shi a hankali, ki gane da kanki."

"Kuka ga. Ku nawa?"



Na miƙa hannu, Husseina ta ba ni kayen. Na juya shi na buɗe ta baya. Karatu ban iya ba, amma ina da ido. Shafi goman nan da kan yi wata uku ba su cika ba, a kwana goma sun cika maƙil, har an bi gefe-gefe. Ga jan bik, ga shuɗi, ga ajami, ga fensir. Ga yatsun lalle. Na ƙirga su, don ita ce kaɗai na fito da ita daga lakwal. Goma sha bakwai. A kaye na uku gaba ɗayansa huɗu muka samu.

Wato ya yi musu. Duk jinyar da na sa shi ya yi, da kamun, da ƙishirwar, ba su kai wannan babi daɗi ba. Gida biyar ya kwana, an karanta shi a kan tuwo, an karanta wa maƙwabta, an dangwala yatsa, ni ina Kelle ina karɓar gaisuwar mutuwa ina ƙirga kwanakin da zan dawo in ga mijina ya tsaya a ƙofar gida. Sannan aka share wuri, aka shimfiɗa tabarmi, aka zo a ga yadda zan ji. Ba na cewa babu tausayi a cikinsu, akwai. Amma tausayi bai taɓa cika gidan nan har zaure ba.

Shi abin da maigidana ya yi, na san zan sami ciwonsa yana jirana a gida, in yi ta juya shi shekara da shekaru. Wanda ke gabana a lokacin na Husseina ne. Na yi mata wanka da hannuna. Ɗakina yana da tabarma da ƙofa, mutum biyu za su zauna a ciki a faɗi magana ta ƙare a nan. Ta bar wannan ta zaɓi turmi da taro, kuma da kayan da na ba ta ta yi.

Na rufe kayen. Na dube ta har sai da ta ɗago.

"A ina mijinki ya ga Abatcha?"

Ya Kaka ta janye hannunta daga gwiwata ta kai baki. Wata a baya ta ja numfashi. Sunan kuwa ya fito ba wuya, ashe ba shi da nauyin da na ɗauka yana da shi.

"Arlit," in ji Husseina da kyar. "A bakin tasha. Wai shekara uku ke nan yana can."

Arlit kwana biyu ne a mota, in ta yi nawa uku. Ni kuma na sa shi ya cinye kaye uku yana ratsa rairayi.

Na ajiye kayen a kan tabarma. Na soke allura a jikin hular da nake ɗinki, na naɗe, na miƙe. Aka buɗe mini hanya, kowa na janye ƙafa. Husseina ta ce, "Yaya," ban juya ba. Kafin in kai zaure na ji wata tana tambaya ƙasa-ƙasa, wai yau a gidan wa kayen zai kwana.